Kofato Kafin Sirdi: Shawarwari Ga Masu Doki a Ƙasar Tsanyawa

Mai doki a ƙasar Tsanyawa ba ya rasa inda zai je da shi: hawan Sallah a ƙofar hakimi, rakiyar ango, saukar karatu, kilisar yamma tsakanin 'Yankamaye da 'Yanganau, wani lokaci har birnin Kano ko Katsina. Tun zamanin kakanni ba a buga wa dawakinmu takalmin ƙarfe, kuma ba su rasa komai ba, domin jigawa ƙasa ce mai daɗin takawa. To amma ƙasar ta canja. Titin Kano zuwa Katsina ya ratsa mu da kwaltarsa, hanyoyin ƙauyuka da dama sun koma burji da tsakuwa, gonaki sun matse burtali, ga ƙusoshi da fasassun kwalabe a bayan kowace kasuwa.

Wataƙila ka taɓa ganin hoton wani takalmin roba da ake manna wa doki da gam, irin na masu tseren dogon zango a Amurka da Turai. Zan yi maka bayaninsa dalla-dalla. Sai dai mu fara da abin da ke hannunka, domin takalmin ba ya zama sai a kan lafiyayyen kofato, lafiyar kofato kuwa aikin kullum ce wadda ba ta cin kuɗi.

Aikin kullum a barga

1. Ɗaga ƙafafun nan huɗu safe da yamma. Kafin ka zuba harawa da safe, da kuma bayan an dawo kilisa, duba ƙarƙashin kowane kofato da idonka. Tsakuwar da ta maƙale yau, in aka kwana biyu ana takawa a kanta, ita ce za ta tara ruwa a ciki. Aikin bai fi minti biyar ba, yaron da ke kula da dokin ma zai iya in ka nuna masa.

2. Sa maƙeri ya yi maka ƙugiyar sakace kofato. Guntun rodi mai tsawon taƙi ɗaya ya isa, a lanƙwasa bakinsa a dakushe shi don kada ya yi rauni. Ka riƙa jan datti daga dunduniya zuwa gaba, kana bin ramukan nan biyu da ke gefen tsoka mai siffar kan mashi a tsakiyar tafin. Rataye ta a bangon barga, domin abin da ke kusa da hannu shi ake amfani da shi.

3. Koya masa ba da ƙafa tun yana dukushi. Tsaya a gefensa kana fuskantar wutsiya, ka shafo hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa a hankali, ka ɗaga ƙafar jim kaɗan, ka ajiye ta da kanka kafin ya fizge. Ban da duka, ban da tsawa, domin dokin da ya tsorata da hannu a ƙafarsa zai wahalar da mai gyara har tsufansa. Babban doki ma yana koyo, haƙurinsa ne kawai ya fi yawa.

4. San ɗumin kofatonsa lokacin da yake lafiya. Da sassafe, kafin rana ta taɓa shi, dafa tafin hannunka a kan kowane kofato ka kwatanta su. In ɗaya ya fi sauran zafi, ko ka ji jijiyar bayan gaɓar da ke saman kofaton tana bugawa da ƙarfi, akwai ciwo a ciki ko da bai fara ɗingishi ba. Ranar nan a bar sirdi a rataye.

5. Sa hancinka cikin aikin. Baƙin ruwa mai ɗoyi a ramukan tafi alamar ruɓewa ce, kuma tsayuwa cikin fitsari da kashi ce take kawo ta. Sakace wurin sosai, ka wanke da ruwan gishiri, ka tsane da tsumma, sannan ka riƙa ɗiga aidin kullum har warin ya ɗauke. In ka ga jini, ko dokin yana janye ƙafa saboda zafi, abin ya yi zurfi, sai malamin dabbobi.

6. Busar da gindin turke. Kwashe kashi sau biyu a rana, duk mako ka haƙe ƙasar da fitsari ya jiƙa ka kai gona, ka cike gurbin da yashi mai tsabta. Ɗaga wurin ya ɗan fi kewayensa tudu, ka ja masa 'yar magudana don ruwan damina ya wuce bai kwanta ba. Riba biyu ke nan: kofato ya bushe, gona ta sami taki.

7. Canja igiyar dabaibayi. Igiyar leda tana cin fatar da ke saman kofato, daga nan kuwa sabon kofato yake tsirowa, shi ya sa raunin wurin yakan sauko da tsaga ta watanni. Nemi igiyar auduga ko ta rama mai kauri, ko ka naɗe wadda kake da ita da tsohon zane. Ka riƙa sauya ƙafar da ake ɗaurewa don kada ɗaya ta sha wahalar ita kaɗai.

Gyara da ciyarwa

8. Yi gyaran kofato duk mako 4 zuwa 6. Kofato yana tsiro wajen milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda kafin ya sabunta daga sama har ƙasa. Dokin da ke yawo yana cinye nasa da kansa, amma wanda ke wuni a turke sai kofaton ya yi tsawo, ya baje, ya fara karyewa. Rubuta ranar gyara da gawayi a bangon barga don kada ta shige maka.

9. Magagari ya fi adda. Sara yana ɗauke da yawa a lokaci guda, abin da aka sare kuwa sai an jira watanni kafin ya dawo. Goga kaɗan-kaɗan, ka daidaita gefen ciki da na waje, sannan ka kashe kaifin bakin kofaton ya mulmule, domin mulmulallen gefe ba ya saurin tsagewa a kan tsakuwa. In ba ka taɓa yi ba, zauna kusa da gwani a bargar masu sarauta ko ta masu ƙwallon dawaki a Kano ko Katsina ka ga yadda hannunsa ke tafiya.

10. Kada a fafe tafin. Taurin tafin nan shi ne takalmin da Allah ya yi wa doki, wanda ya kankare shi don ya yi fari ya bar dabbar tana tsoron kowace tsakuwa. A cire abin da ya ɓamɓaro da kansa kawai, tsokar tsakiya ma a datse yagaggen gefenta a bar sauran, domin ita take shanye girgizar taku. Babban gyara kuma a yi shi aƙalla mako guda kafin tafiya, don ƙafar ta saba.

11. Da hunturu, ɗan man kaɗanya ya wadatar. Iskar hunturu tana busar da kofato har ƙananan tsagu su bayyana. Bayan ka wanke ƙafar ta ɗan sha iska, shafa man kaɗanya kaɗan a bangon kofato da dunduniya, sau biyu ko uku a mako. Baƙin man inji kuwa bar shi a gareji, yana cin fata, kuma yana ɗauke da dattin da bai dace da jikin dabba ba.

12. Da damina, fitar da shi daga taɓo. Kofaton da ya wuni cikin laka yana yin laushi, ya cinye da wuri, ƙaya ta shige shi cikin sauƙi. In an ratso fadama, wanke lakar kafin ta bushe a jiki, ka tsayar da dokin a busasshen wuri. Ajiye man shafawa har ruwa ya ɗauke, bushewa ƙafar take buƙata yanzu.

13. Kulle rumbu, auna hatsi. Dokin da ya kwance da dare ya afka wa buhun dawa ko masara yana iya kamuwa da kumburin cikin kofato, ciwon da ke raba bangon kofaton da ƙashin da ke ciki. Za ka ga ƙafafun gaba sun yi zafi, ya miƙa su gaba, ya mai da nauyinsa baya, ya ƙi motsi. Kada ka jira alamar: da ka gane ya ci, hana shi hatsi, tsayar da ƙafafunsa cikin ruwan sanyi, da ƙanƙara in da hali, ka kira likitan dabbobi.

14. Ta baki ake gina kofato. Harawar wake da ta gyaɗa, ciyawa mai kyau, ɗan gishiri da ruwa mai tsabta su ne tushe, don haka tara harawa da kaka tun tana da araha. Dusa zalla, in aka daɗe a kanta babu harawa, tana rage wa ƙashi ƙarfi. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a rana, da bazara ko ranar aiki ya fi haka, kada ka auna masa ruwa da bokiti ɗaya.

Shirin doguwar tafiya

15. Fara shiri wata biyu kafin hawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsokar doki tana riga jijiya da kofato yin ƙarfi, shi ya sa wanda ya ji ƙarfi a jiki yakan ji ciwo a ƙafa. Fara da tafiyar rabin awa a hankali, duk mako ka ƙara nisa kaɗan, daga baya ka shigo da sassarfa. Ba shi hutun yini guda a mako.

16. Saba masa da ƙasar da zai taka. Dokin da ya san yashi kaɗai, ranar da ya hau burji zai riƙa tafiya yana ɗari-ɗari. A ƙarshen kowace kilisa ka bi da shi ta kan tsakuwa na minti goma, a tafiya ban da gudu, kana ƙarawa a hankali. Tafin yana ƙara kauri da tauri idan aka bi shi da sannu.

17. Sukuwa da zamiya, a fili mai yashi kawai. Kwalta tana cinye kofato da sauri, tana da santsi, zamiya a kanta kuwa tana sale dunduniya ta jawo faɗuwa. A kan titi bi kafaɗar hanya inda akwai ƙasa, idonka na kan waya da gwangwani. Filin da za a yi sukuwa, ku zagaya shi da yara tun da safe ku tsince ƙusa da kwalba.

18. Tashi da asuba, yada zango duk awa guda. Da bazara kwalta tana ɗaukar zafin da ƙafar mutum ba ta iya jurewa, ga dokin yana zubar da gumi mai yawa. A kowane zango sassauta majayi, ba shi ruwa, ɗaga ƙafafunsa ka sakace. In an kusa gida, sauka ka ja shi, jikinsa ya huce kafin ya isa turke.

19. In a mota za a kai shi, duba daben motar. Dawaki da yawa a cikin mota suke jin ciwo tun ba su ga filin hawa ba. Bi daben da hannu ka nemi kan ƙusa da ruɓaɓɓen katako, ka zuba yashi ko ƙaiƙayi don kada ya zame. A loda shi a sauke shi ta kan tudu, ban da tsalle.

20. Ari dabarar masu tseren dogon zango. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana gasar Tevis tun 1955, doki ɗaya da mahayi ɗaya su ci kilomita 160 na duwatsu cikin awa 24, kuma a hanya likitoci suna tsayar da kowane doki a ja shi da sassarfa a gabansu, mai ɗingishi a cire shi. Kai ma a kowane zango sa yaro ya ja naka ya je ya dawo, ka zuba wa kansa ido. In yana ɗaga kai duk sa'ad da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, ita ce mai ciwon.

21. Koyi ƙirga bugun zuciyarsa. Sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda jijiya ta gitta ƙashi, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki a hutu yana bugun 28 zuwa 44 a minti, a manyan gasannin dogon zango kuwa ba a barin doki ya ci gaba sai bugunsa ya sauko wajen 64. In naka ya huta minti 20 bai sauko ba, tafiyar yau ta ƙare.

Takalmin da ake mannawa da gam

22. Fara sanin abin da yake. Ƙoƙo ne na roba mai ƙarfi da yake rufe tafi da bangon kofato, babu ƙusa, babu maɗauri, gam kaɗai ke riƙe da shi. Kamfanonin Amurka irin su EasyCare da Renegade suna yin sa, kuma dawakin da aka manna wa shi sun ci gasar Tevis fiye da sau ɗaya. Amfaninsa shi ne ba ya gurje fata, ba ya saurin fita a laka, in an cire shi kuma dokin ya koma yadda yake ba tare da hujin ƙusa ba.

23. Tambayi kanka ko kana buƙatarsa. Dokin da aikinsa kilisa a jigawa da hawan yini guda ba ya buƙatar komai sai gyara mai kyau. Takalmin na wanda zai yi kwanaki a kan kwalta da tsakuwa ne, ko wanda kofatonsa ke cinyewa fiye da yadda yake tsiro. Daga waje ake kawo shi da gam ɗinsa, don haka ku haɗu ku 'yan barga ɗaya ku yi saye tare, kuma ku fara da ƙafafun gaba, su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin doki.

24. Auna da milimita, bayan sabon gyara. Ɗora rula a wurin da tafin ya fi faɗi, sannan ka auna tsawo daga gaba zuwa inda bangon kofato ya ƙare a dunduniya. Auna kowace ƙafa daban, domin na gaba sun fi na baya faɗi, na hagu da na dama ma ba lallai su zo ɗaya ba. Gwada takalmin babu gam tukuna: ya shiga da ƙyar ya kama ko'ina, in akwai rata gam ba zai toshe ta ba.

25. Tsabta da bushewa su ne rabin aikin. Daina shafa man kaɗanya kwanaki kafin ranar, domin gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Goga bangon kofaton da magagari sama-sama ya yi kaushi, ka kakkaɓe ƙurar da busasshen buroshi, daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin. Yi aikin a kan tabarma ko siminti, a inuwa, a ranar da babu ruwa.

26. Gam nasa daban ne. Iri biyu ake haɗawa: mai saurin kamawa irin Adhere na kamfanin Vettec a jikin bango, da mai laushi irin Sikaflex a ƙarƙashin tafi don ya hana yashi shiga. Sufa gulu da sholishon masu faci ba na wannan aiki ba ne, kuma kada mai saurin kamawar ya gangara ƙarƙashin tafi ya daskare, zai riƙa danna wurin a kowane taku. Zafi yana sa gam saurin daskarewa, don haka yi da sanyin safiya, mutum biyu su riƙe dokin, kuma a manna kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya.

27. Cire shi da an dawo. Na 'yan kwanaki ne, domin a rufe yake, gumi da danshi suna taruwa a ciki su kawo ruɓewa. Cusa sukundireba mai faɗin baki tsakanin roba da bango, ka bi kewaye kana ɓamɓarewa a hankali, ka goge sauran gam da magagari, ka wanke tafin ka duba. Kofato mai rauni, ko ɗoyi, ko zafi, ba a rufe shi da gam ko na awa ɗaya.

28. In za ka sayi ɗaya, duba mai maɗauri. Akwai irin da ake sawa a ɗaure lokacin fita a cire bayan an dawo, ba ya cin gam, kuma yana daɗewa, shi ya fi dacewa da aljihun yawancinmu. Ka dai riƙa zazzage yashin da ya shiga a kowane zango don kada ya gurje dunduniya. In kofato ya fashe a hanya ba ka da ko ɗaya, yanki tsohon tub na mota ka ɗora a tafin, ka naɗe da tsumma, ka ja dokin zuwa gida a ƙasa.

Ranar da abu ya faru

29. Ƙusa a tafi ba ƙaramin abu ba ne. In likita yana kusa, tsayar da dokin a bar ƙusar ya ga inda ta nufa. In kuwa za ta ƙara nutsewa kafin ya iso, zare ta a miƙe, ka ajiye ta, ka lura da wurin da zurfin da ta shiga. Wanke da ruwan gishiri, zuba aidin, naɗe da tsumma mai tsabta, ka nemi likita a ranar. Doki yana cikin dabbobin da cutar sarƙe-haƙora ta fi kamawa, saboda haka ka tambayi allurar rigakafinta tun yau, kafin a kai ga haka.

30. Doki mai ɗingishi ba ya hawa, ko an gama naɗa rawani. Allurar kashe zafi tana ɓoye ciwo ne kawai, dokin ya ci gaba da takawa har ƙaramin rauni ya zama na shekara. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, wannan martaba kuwa a kan ƙafafun dawakinmu take tafiya. Ari na ɗan'uwa, ko ka raka jama'a a ƙasa, naka ya warke ya kai ka hawa goma masu zuwa.

Ba sai ka ɗauki talatin ɗin nan a rana ɗaya ba. A wannan makon je wurin maƙeri ka karɓo ƙugiya, kawo amalanken yashi guda gindin turke, ka nemi lambar malamin dabbobi mafi kusa da kai ka ajiye a waya. Mako mai zuwa a kira mai gyara, a rubuta ranar a bango, a fara kilisa a hankali. Ka kuma gaya wa maƙwabcinka mai doki, domin tare za ku jera. Allah ya kai mu hawan bana lafiya, mu da dabbobinmu.